Kwaikwayon yaƙin basasar Amurka: karrama 'yan mazan jiya ne ko wasa da jininsu?

Baban Khadija:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani abu na gani da ya ƙi barin raina, na ce bari in kawo shi gabanku. Waɗanda suka san ni sun san ina zaune a jihar Maryland ta Amurka. Farkon watan Yuli wani abokin aikina, Bature, ya matsa mini sai na raka shi Gettysburg, wani ƙaramin gari a jihar Pennsylvania. Nan ne aka yi gumurzu mafi muni a yaƙin basasarsu, kwana uku cur, daga 1 zuwa 3 ga Yulin 1863, inda kimanin mutum dubu 50 suka mutu, ko suka jikkata, ko aka kama su, ko aka neme su aka rasa.

Abin da ya kai mu shi ne kwaikwayon wannan yaƙin. A wata ƙatuwar gona a bayan gari aka yi. Fararen tantuna jere reras, maza birjik sanye da kakin ulu mai kauri cikin zafin da ko ni da na tashi a ƙasar rana sai da na nemi inuwa. Masu shuɗin kaki su ne sojojin tarayya, masu ruwan toka su ne 'yan awaren Kudu. Bindigoginsu na ɗure ne, kusan irin na maharbanmu, albarushi kawai suke zubawa babu harsashi. Ga igwa, ga dawakai, ga mata da dogayen riguna suna girki a murhun itace. Har tantin likita akwai, da irin zarton da ake yanke ƙafa da shi a wancan zamani. Kwana biyu ko uku suke yi a filin, suna kwanciya a ƙasa, suna cin wani busasshen biskit mai tauri kamar dutse irin wanda sojojin suka ci. Kowa da kuɗinsa ya sayi kayansa, babu mai biyansu ko sisi.

Da aka kaɗa ganga aka busa begila sai suka fuskanci juna. Ƙarar igwa har cikin ƙirjina na ji ta. Hayaƙi ya turnuƙe, mutane na zubewa ɗaya bayan ɗaya. Bayan kamar minti arba'in aka sake busa begila, waɗanda suka faɗi suka miƙe suka kakkaɓe jikinsu, 'yan kallo suka ɗau tafi. Na juya na ga abokina yana share hawaye. Kakan kakansa ya yi yaƙin a ɓangaren tarayya, har yau suna ajiye da wasiƙar da ya rubuto gida. Ni kuwa hannuna ya ƙi ɗaguwa in tafa.

Tambayata ita ce, wannan karrama 'yan mazan jiya ne, ko wasa ne da jinin waɗanda suka mutu?

Bakatsine:
Wa alaikumus salam. Wanda bai san zafin abu ba shi ke mayar da shi wasa. Yaƙin da ya ci mutum sama da dubu 600 cikin shekara huɗu, a ce an sayar da tikiti, mutane na shan lemo suna kallon yadda aka kashe su? Da uwar ɗaya daga cikin yaran nan tana raye ba za ta iya zama a filin ba. In ana son tuna mamaci a yi masa addu'a, a kula da iyalinsa.

Ɗalibar Tarihi:
Yaya Bakatsine, na fahimce ka, amma akwai abin da zai ba ka mamaki. Su sojojin da kansu sun taɓa yin irin wannan. A 1913, da yaƙin Gettysburg ya cika shekara 50, tsofaffin sojoji sama da dubu 53 daga ɓangarorin biyu suka taru a garin, aka kafa musu tantuna. Ran 3 ga Yuli, waɗanda suka rage daga cikin 'yan Kudun da suka kai farmakin da ake kira da sunan Janar Pickett suka sake taka filin, tsofaffi wasu na dogara sanda, har zuwa katangar dutsen da aka tare su a baya. A 1863 mutum kimanin dubu 12 ne suka shiga wannan fili, kusan rabinsu ba su koma lafiya ba. A 1913 kuwa da suka iso katangar, abokan gabarsu na jiya suka miƙo musu hannu aka gaisa. An sake taruwa a 1938, lokacin waɗanda suka iya zuwa ba su kai dubu 2 ba, galibinsu sun haura shekara 90.

Irin wanda ake yi yanzu ya yi ƙarfi ne daga 1961, lokacin cikar yaƙin shekara 100, da aka kwaikwayi karon Manassas a jihar Virginia. Bayan nan hukumar da ke kula da filayen tarihi na gwamnatin tarayya ta hana a yi kwaikwayon harbe-harbe a ainihin filayen dagar da ke hannunta. Shi ya sa Baban Khadija ya ce a gona suka yi. Wato su ma sun yarda akwai iyaka, ba a faɗuwar ƙarya a inda wani ya faɗi da gaske. A 1998 masu kwaikwayo sama da dubu 15 ne suka hallara kusa da Gettysburg, amma yanzu abin ya ja baya sosai, masu yi sun tsufa, matasa ba su cika shiga ba.

Malam Na Zariya:
'Yata, Allah ya ƙara basira, labarin 1913 gaskiya ne. Sai dai ki ƙarasa shi. Wa aka gaisa da shi, wa aka bari a waje?

Kafin yaƙin akwai bayi baƙar fata kusan miliyan 4 a Amurka, mafi yawansu a gonakin Kudu, auduga ce kan gaba. Da aka zaɓi Abraham Lincoln a 1860, jihohi 11 suka ɓalle ɗaya bayan ɗaya. Ba sai wani ya faɗa mana dalilinsu ba, sun rubuta da hannunsu. Takardar ɓallewar jihar Mississippi ta ce matsayinsu a ɗaure yake da bauta. Mataimakin shugaban 'yan awaren, Alexander Stephens, ya tsaya a Savannah a watan Maris na 1861 ya ce ginshiƙin sabuwar gwamnatinsu shi ne baƙar fata bai kai farar fata ba, bauta ce ta dace da shi. To a taron 1913 shugaba Woodrow Wilson ya yi jawabi yana yabon jaruntakar ɓangarorin biyu, bai ambaci bauta ba. A wannan shekarar ce kuma gwamnatinsa ke raba baƙaƙe da farare a ofisoshin gwamnati. Sulhu ne tsakanin fararen Arewa da fararen Kudu, aka yi shi a kan bayan mutanen da aka yi yaƙin saboda su.

Damuwata da wannan kwaikwayo ke nan. Mutum zai kashe dukiya don maɓallin rigarsa ya zama daidai da na 1863, zai yi gardama kan irin zaren da aka ɗinka wando da shi, amma ka tambaye shi me ya haddasa yaƙin sai ya kama kame-kame. An tsare ƙananan gaskiya, an saki babbar.

Baban Khadija:
Allah ya gafarta Malam, ka taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Na zauna da wani dattijo mai kakin ruwan toka a bakin tantinsa, mutum mai fara'a, har shayi ya ba ni. Na tambaye shi me ya sa ya zaɓi ɓangaren Kudu. Ya ce kakansa na sama talaka ne, bai taɓa mallakar bawa ba, ƙasarsu aka shigo wa ya fita karewa, shi kuma tunawa da shi yake yi. Na ce to da sun ci yaƙin, ni da nake zaune gabanka me zan zama? Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce bai taɓa kallon abin ta nan ba. Ban ga mugunta a fuskarsa ba wallahi. Amma tutar da ke kaɗawa a saman tantinsa tutar 'yan awaren Kudu ce, irin wadda wani saurayi farar fata ya ɗauki hoto da ita kafin ya shiga coci a Charleston ya kashe baƙaƙe 9 a 2015.

Ɗalibar Tarihi:
Bayan wannan kisan ne aka sauke tutar daga harabar majalisar jihar South Carolina. Mississippi ta cire ta daga tutar jiharta a 2020, mutum-mutumin Janar Robert Lee, babban kwamandan 'yan awaren Kudu, da ke Richmond kuma aka sauke shi a 2021. Amma Malam, in ka ba ni dama, akwai baƙaƙen Amurka da ke shiga kwaikwayon nan da gangan, suna sa shuɗin kaki. Hujjarsu ita ce baƙar fata kimanin dubu 180 ne suka yi soja a rundunar tarayya, kuma an daɗe ana ba da labarin yaƙin kamar ba su taka rawa ba. Yaro baƙi da ya ga mai kama da shi riƙe da bindiga a wannan fili zai san kakanninsa ba zama suka yi aka kawo musu 'yanci a faranti ba.

Malam Na Zariya:
Wannan na karɓa. In abin zai sa yaro ya koma gida ya yi tambaya, ya yi amfani.

Ɗan Barno:
Jama'a ku ba ni wuri, don wannan magana ta zo har ƙofar gidanmu. Cikin waɗancan dubu 180 akwai ɗan Kukawa. Sunansa Muhammad Ali ɗan Sa'id, Turawa sun san shi da Nicholas Said. An haife shi wajen 1836, mahaifinsa Barka Gana babban kwamandan yaƙi ne a zamanin Shehu Laminu. Yana yaro mahara suka kama shi, aka sayar da shi, aka ƙetara Sahara da shi zuwa Tarabulus, daga nan Santambul, daga nan Rasha inda ya yi wa manyan masu sarauta hidima, a can aka yi masa baftisma aka sa masa Nicholas. Ya zaga Turai, ya iya harsuna da dama, ya isa nahiyar Amurka a 1860 yana mai 'yanci. A 1863 ya shiga runduna ta 55 ta jihar Massachusetts, rundunar baƙaƙe, ya kai muƙamin saja.

Ku duba abin da aka yi wa wannan runduna. Sojan farar fata dala 13 yake karɓa a wata, baƙi aka ce dala 10, a cire 3 kuɗin kaki. Su da takwarorinsu na runduna ta 54 suka ƙi karɓar ko kwabo fiye da shekara guda, suna yaƙi ba albashi, har sai da majalisa ta daidaita a 1864. Bayan yaƙi Sa'id ya zauna a Kudu yana koyar da 'ya'yan 'yantattun bayi. Abin da ke taɓa zuciyata, a tarihin rayuwarsa da ya wallafa a Memphis a 1873 bai ambaci cewa ya yi soja ba ko a layi ɗaya. Mutumin da ya yi yaƙi a ɓangaren da ya ci nasara, amma a inda yake zaune bai ga halin faɗa ba.

Bakatsine:
Ikon Allah. Ban taɓa jin wannan ba. Mu nan ba mu san shi ba, su can ma ina jin kaɗan ne suka san shi.

Ɗan Fagge:
Ni fa ban ga abin tayar da hankali ba. Mu ma ai muna yi. Hawan Sallah mene ne? 'Yan lifidi, 'yan sulke, 'yan bindiga suna buga albarushi, mahaya na jafi da masu a gaban Sarki. Duk kayan yaƙin kakanni ne, kuma ba wanda ya ce wasa ake da jini. Kowace al'umma tana da yadda take nuna wa 'ya'yanta jiya.

Malam Na Zariya:
Akwai bambanci, ɗana. A hawa ba a raba mutane gida biyu a ce ku ne Kanawa, ku ne Damagarawa, ku kara mu gani. Ba wanda ke faɗuwa ya yi kamar ya mutu. Ana nuna kaya da doki da biyayya ga Sarki, a watse. Ka taɓa jin an kwaikwayi yaƙin basasar Kano na 1893 zuwa 1895, tsakanin Tukurawa da Yusufawa? Zuri'ar ɓangarorin biyu suna nan cikin birni, suna auratayya, kuma magabata sun ga hikimar barin abin a littafi da bakin masana.

Maman Ummi:
Salamu alaikum. Tun ɗazu nake karantawa ina ta tunanin Babanmu. Ya yi yaƙin basasar Najeriya, yana runduna ta ɗaya, wadda Muhammadu Shuwa ya fara jagoranta, ta ɓangaren Nsukka da Enugu. Yanzu ya haura tamanin. Tun tasowarmu bai taɓa zaunar da mu ya ba mu labarin yaƙin ba. Abin da muka sani, ba ya son ƙarar abin wasan wuta da yara ke fasawa, kuma duk 15 ga Janairu idan aka nuno manya a talabijin suna ajiye furanni ana sakin fararen tattabaru a Abuja, sai ya tashi ya shiga ɗaki. Sau ɗaya na ji ya ce wa wani abokinsa, yaran da ya gani da kumburarren ciki su ne ba sa barinsa barci, ba waɗanda suka harbe shi ba.

In wani ya sa kaki ya kwaikwayi abin da Baba ya gani ana tafi, ban san yadda zan ji ba. Amma kuma shirun nan ma yana damuna. 'Ya'yana sun fi sanin yaƙe-yaƙen Turawa a kan wanda kakansu ya ɗauko tabonsa a cinya.

Tsohon Saja:
Hajiya, ki gaishe mana da Baba, ki ce ƙaninsa a aiki yana sara masa. Ni ban kai yaƙinsu ba, Laberiya na yi da Saliyo a ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma. Zan faɗi abin da na sani.

Abin da Alhaji ya gani a gonar nan fareti ne da hayaƙi. Yaƙi wari ne. Yaƙi shi ne zawo, da ƙafa ta ruɓe cikin takalmi, da jiran da ba ya ƙarewa, da mutum yana kiran uwarsa tun dare har asuba ba ka iya zuwa ka ɗauko shi. Ko a yaƙin Amurkan nan, kusan biyu cikin uku na waɗanda suka mutu cuta ce ta kashe su, atuni da taifot da makamantansu, ba harsashi ba. Wa zai sayi tikiti ya kalli wannan? Ba na zargin masu yi, na san wasunsu tsofaffin sojoji ne, zaman tanti da 'yan'uwa suke kewa, ni ma ina kewarsa. Sai dai kada yaro ya kalla ya ɗauka haka abin yake, ana faɗuwa a tashi.

In tuna soja ake so, akwai abin da Amurkawa suka yi da ya fi kwaikwayon nan nesa ba kusa ba. Sun rubuta sunaye. Ka ba su sunan kakanka da rundunarsa, za su zaro maka takardarsa ta shekara 160. Kuma sun biya haƙƙi. Wata mata, Irene Triplett, 'yar wani sojan yaƙin basasar, tana karɓar fanshon mahaifinta dala 73 da 'yan kai duk wata har ta rasu a 2020. Kuɗin ba yawa, amma ba a yanke ba. Ni kuwa na raka matar wani abokina da ya rasu a bakin aiki, muka yi ta sintiri daga wannan ofis zuwa wancan fiye da shekara biyu kafin a ga takardarsa.

Ɗan Fagge:
Ranka ya daɗe Saja, na ji jikina ya yi sanyi. To amma a ce ba za a taɓa nuna namu ba ke nan? Akwai gidan tarihin yaƙi a Umuahia, da motocin yaƙi da jiragen da aka yi amfani da su, da makaman da 'yan Biyafara suka ƙera da kansu. Mutum nawa daga Arewa suka taɓa zuwa?

Ɗalibar Tarihi:
Na je lokacin da nake bautar ƙasa a Gabas, kuma ina ganin ya kamata kowa ya je. Ita kanta bautar ƙasar ai saboda yaƙin aka kafa ta a 1973. Amma kwaikwayon fage a wurinmu, a'a. Na Amurka ya ƙare tun 1865, babu wanda ya gani da ido da ke raye, duk da haka a 2017 sai da aka rasa rai a Charlottesville kan rigimar mutum-mutumin Lee. Namu daga Yulin 1967 ne zuwa Janairun 1970. Waɗanda suka rasa iyaye a kashe-kashen 1966 a garuruwan Arewa suna raye. Waɗanda aka kashe wa maza a Asaba a watan Oktoban 1967 suna raye. Mu ma 15 ga Janairu ranar da aka kashe Sardauna ce a 1966, ita ce kuma ranar da Philip Effiong ya miƙa wuya a madadin Biyafara a barikin Dodan a 1970. Rana ɗaya, kowa da abin da yake tunawa. Wa zai yarda ya sa kakin wa?

Bakatsine:
Ai su suka fara. Da ba a kashe mana shugabanni ba da duk wannan bai faru ba.

Malam Na Zariya:
Bakatsine, kisan Sardauna da Tafawa Ɓalewa zalunci ne, ba mai musu. Amma ɗan kasuwar da aka kashe a Sabon Gari bai san lokacin da aka kitsa juyin mulki ba, haka yaron da yunwa ta kashe a ƙauyen Gabas. Yanzu muka gama ganin laifin dattijon da ya tuna kakansa ya manta da bayi. Kada mu yi irin nasa.

Bakatsine:
Na karɓi gyara, Malam. Zafin abin ne.

Maman Ummi:
Saja, maganarka ta sunaye ta tsaya mini. Ranar Juma'a zan je gida. Zan gwada tambayar Baba sunayen waɗanda suka tafi tare ba su dawo ba, da garuruwansu, in rubuta. Wataƙila wannan zai fi masa sauƙi a kan a ce ya ba da labarin abin da ya gani. Akwai wani da yake yawan ambata idan yana addu'a bayan sallar asuba, ban taɓa tambayarsa ko wane ne ba.

Tsohon Saja:
Kada ki sa masa waya a gaba ranar farko. Ki kai masa goro, ki zauna, ki fara da tambayarsa inda aka ɗauke shi soja da wanda ya koya masa maci. Sauran zai zo da kansa. In ya yi shiru ki bar shi.

Baban Khadija:
Na gode ƙwarai jama'a. Abokina ya riga ya ce in shirya mu koma baɗi, har yana cewa zai aro mini shuɗin kaki. Na ce masa kallo dai zan iya, kaki kuwa ba zan sa ba. Amma akwai wurin tunawa da baƙaƙen sojojin yaƙin a birnin Washington, bango ne da aka zana sunaye sama da dubu 200, kuma bai fi awa ɗaya daga gidana ba. Ranar Asabar zan ɗauki Khadija da ƙannenta mu je. Ɗan Barno, ka sake rubuto mini sunan yadda Turawa ke rubuta shi da lambar rundunar, don mu san bangon da za mu fara dubawa.

Ɗan Barno:
Nicholas Said, runduna ta 55 ta Massachusetts. In kun same shi ka ɗauko mana hoto, zan kai wa dattawanmu su gani.